Alawar Bayan Salla

Bari in riga kowa faɗa: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ni ɗin nan, da hulata da furfurata da aji huɗun firamare da nake ɗagawa kamar digiri. Na faɗa da wuri ne saboda tsohuwata tana da rai, kuma in na ɓoye, ita za ta gyara mini labarin a gaban baƙi.

Asalinmu Borno, amma Jimeta ta riƙe ni tun ina saurayi. Na yi aikin masinja a wata ma'aikata a Yola har na yi ritaya, na zauna a gidana a Jambutu ina ba mutane shawarar da ba su nema ba. Shekarar da hanyar Mubi ta cika da mutane a ƙafa, matar ɗana ta iso ƙofata da 'ya'ya mata biyu, babbar da ƙullin kaya a ka, ƙaramar a goye. Ɗana bai iso tare da su ba, bai kuma iso daga baya ba. Wannan ba shi ne zancen yau ba, ba zan buɗe shi ba.

Ƙaramar a lokacin ba ta cika shekara biyu ba. Ba ta kuka, ba ta dariya, in ta ji muryar namiji sai ta cusa kai cikin zanen uwarta. Na yi mata rawa, na yi mata kukan akuya, na ɗora mata hulata, duk a banza. Ran nan ina dawowa daga masallaci na sayi alawa guda a wurin mai tebur, na tsuguna na miƙa. Ta dube ni, ta dubi alawar, ta tako da ƙafarta ta karɓa. Tun daga ranar muka ƙulla. Ina ce mata uwargida, irin wasan kaka da jika, ita kuma da bakinta ya buɗe sai ta riƙa tare ni a zaure, hannu a ƙugu: "Kaka, me ka kawo?"

To, ni ba jahili ba ne, ina jin rediyo. Na ji an ce yawan zaƙi yana ɓata haƙoran yara. Na kuma ga yadda uwarta ke yi in an kawo wa yarinyar tsaraba: sai ta bari ta gama cin tuwo, ta zube mata duka, ta cinye a zama ɗaya. Na ce wannan rashin tsari ne, haɗama ake koya wa yarinya. Sai na zauna na fito da tsari, irin na wanda ya yi aikin gwamnati. Na samo gwangwanin madara mai murfi na ajiye a ɗakina. Alawa biyar a rana, ba ƙari ba ragi, ɗaya bayan kowace salla. Na kuma kafa doka: ba a taunawa. A ajiye a kumatu, a tsotsa a hankali, don a koyi haƙuri. Har agogo nake duba mata, in ta daɗe da ita a baki in yaba mata a gaban jama'a. Na yi wa abokaina na dakalin masallaci bayanin tsarin nan ba sau ɗaya ba, wani ma ya ce zai ɗauka.

Surukata mace ce mai kunya. Tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba, in ina tsakar gida ta bayan randa take wucewa. Saboda haka duk maganarta sai ta biyo ta bakin tsohuwata. Tsohuwar ta ce mini, "Uwar yarinyar nan ta ce a rage alawa." Na ce a gaya mata biyar ne kacal, kuma a warwatse, 'ya'yan wasu goma suke haɗiyewa kafin a ce kwabo. Saƙo ya koma, amsa ba ta dawo ba. Na ɗauka hujjata ce ta yi nauyi.

Haka muka tafi har uwargida ta shiga shekara bakwai. Sai aka fara lura in ta sha ruwan randa tana dafe kumatu, in tana cin masara kuma gefe ɗaya take taunawa. Wata Asabar yayarta ta zo hutun ƙarshen mako daga Sangere, inda take zaune saboda karatun jami'a. Adda muke ce mata duk gidan, yadda ƙanwar ke kiranta, uwarsu kuma Dada suke ce mata. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, Dada ta ce akwai asibitin haƙori a nan Jimeta da ake duba yara. Ta ce wai kai ka fi mu sanin takarda, ko za ka kai mu."

Kai ka fi mu sanin takarda! Nan take na aika a goge mini babbar riga. Sai daga baya na gane cewa matar da ba za ta iya yi wa surukinta faɗa ba, ta samo hanyar aika shi inda za a yi masa.

Ranar Litinin muka hau keke napep mu uku. A hanya na riga na yanke hukunci a zuciyata. Haƙoran uwargida na gaba farare ne tas, har wani fari-fari na musamman suke da shi a gindi, kamar an ɗiga alli. Na Adda kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, ratsi-ratsi ne ruwan ƙasa, sai ka ce tsohuwar mai cin goro, alhali ko ɓarin goro ba ta taɓa sa wa a baki ba. Shekara da shekaru ina mata tsiya a kai, ina daka mata gawayi da toka ta dirje. Na ce yau dai likita zai tsaya a bayana.

Likitar da muka tarar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, 'yar wajen Numan, da ɗan gicciye a wuya. Hausarta irin tamu ta Jimeta, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujera, ta ciro takardu biyu.

"Baba, kafin in duba baki zan yi tambayoyi. In na gama, kowane yaro zan sa shi a ɗaya cikin uku: kore, rawaya, ko ja. Kore, haƙorinsa ba ya cikin haɗari sosai. Ja kuma, ruɓewa yana kan hanya, ko bai iso ba tukuna."

Na gyara zama. Na ce, "'Yata, tsaya. Abin da bai iso ba za ki gaya mana? Asibiti muka zo ko gidan mai duba?"

Ta yi dariya. "Baba, in ruwan Binuwai ya fara hawa, mutanen bakin kogi suna jira ya shigo ɗaki kafin su kwashe kaya?"

Na ce ba sa jira. Amma a raina na ce kogi daban, baki daban, kuma har yau ban ga inda suka haɗu ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne takardar. Fom ne. Ni kuwa na yi rabin rayuwata ina ɗaukar fom daga tebur zuwa tebur, na san sirrinsa: kowane fom yana da amsar da ke sa fayil ya wuce, da amsar da ke sa a jefa shi ƙarƙashin kabad. Ba a zuwa gaban fom da gaskiya tsirara, sai an sa mata riga. Na ƙudura gidana ba zai faɗi jarrabawa ba.

"Ƙaramin nan, sau nawa yana goge baki a rana?"

"Sau uku," na ce.

"Da safe ne kawai," in ji uwargida, tana kaɗa ƙafa a kan kujera. "In Dada ta kama ni."

"Kafin barci fa?"

"Ba fashi," na ce.

"Kaka, yaushe?"

Na harare ta. Ta harare ni. Matar ta rubuta abin da yarinya ta faɗa, ta bar na dattijo a iska.

"Shayi, sukari nawa ana sa masa?"

Na ce ɗan kaɗan, don ɗanɗano. Uwargida ta ɗaga yatsu uku.

Daga nan tambayoyin suka bar hanya, a ganina. Wane ruwa muke sha, na famfo ko na rijiya? Da man goge baki take gogewa ko da asuwaki kaɗai? Tana yawan shan maganin tari mai zaƙi? Sai kuma ta ce, "Maman yaran fa, an taɓa cire masa haƙori, ko yana da rami?"

Na ce, "Ikon Allah. Na kawo miki baki biyu, ga su a gabanki, kina tambayar wanda muka bari a gida? Kuma ni ina zan san cikin bakin surukata? Matar da ko murmushi ba ta yi a gabana?"

Adda ta sunkuyar da kai tana danne dariya, ta ce an cire wa Dada biyu. Matar ta ce abin da ya sa take tambaya, tukunya ɗaya ake ci, cokali ɗaya ake ɗanɗana wa yaro, kuma ƙwayoyin da ke cin haƙori suna bin wannan hanyar daga babba zuwa ƙarami. Na gyaɗa kai kamar na gane. Abin da na gane kawai shi ne yanzu har uwar ta shiga fayil.

Sai ta zo kan tambayar da nake jira. "Tsakanin abinci da abinci, yana shan alawa, ko biskit, ko lemo?"

A nan ban sa wa gaskiya riga ba, don a ganina ita kanta ado ce. Na tura hula gaba, na zayyana mata tsarin tun daga gwangwani: biyar a rana, Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i, ba taunawa, a ajiye a kumatu. Har zancen agogo na faɗa.

Ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, sake faɗa."

Na ɗauka so take ta kwafa don amfanin sauran iyaye. Na sake faɗa a hankali, yadda za ta samu ta rubuta.

"Shekara nawa ana haka?"

"Biyar, ba fashi ko ranar Salla."

Ta kalli Adda, Adda ta kalli silin. Sannan ta jawo kujerarta kusa da ni, ta yi magana a hankali, irin yadda ake yi wa wanda za a gaya wa rasuwa.

"Baba, ba yawan alawan ne babban matsala ba. Sau nawa ne. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin nan suna ci, suna fitar da tsami, tsamin yana cin haƙori. In zaƙin ya wuce, yawu yana zuwa ya wanke, ya gyara wurin. Amma sai an ba shi lokaci. Kai kuma daga Asuba har Isha'i ba ka ba bakin nan hutu ba. Yawu ya fara gyara, ka dawo daga masallaci. Na Isha'i ya fi duka, don yana kwana da shi, kuma in mutum ya yi barci yawu ma yana raguwa."

Na ce, "To da yaya za a yi?"

"Da ya cinye biyar ɗin lokaci ɗaya bayan abinci, ya kurkure baki, da ya fi sauƙi."

Wato haɗamar da na hana ita ce daidai, haƙurin da na koyar shi ne ɓarna? Na ce ta sake lissafin, wataƙila ta yi kuskure a wani layi. Biyar a tare da biyar a rarrabe, ai duk biyar ne, ko a aji biyu an koya mana wannan. Ta ce a ciki biyar ne, a baki ba biyar ba ne. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ta ƙi zama.

Aka hau kujerar dubawa, mai kwanciya da mutum kamar ta aski. Adda ta fara. Matar ta haska fitila, ta zagaya da ɗan madubi mai kama da cokali, ta yi mata nata tambayoyin: lemon kwalba lokacin jarrabawa, biskit a ɗakin karatu, sau nawa take gogewa. Adda ta ce lemo sai jefi-jefi, gogewa safe da dare. Sai matar ta tambaye ta inda ta yi ƙuruciya. Adda ta ce a ƙauyen kakanninta na wajen uwa, can gaba da Mubi, kuma duk sa'o'inta na garin haka haƙoransu suke.

"Shi ke nan," in ji matar. "Ruwan rijiyan garin ne ya rina su tun suna cikin dasashi. Ba ruɓewa ba ne, ba datti ba ne. Babu rami ko ɗaya. Kore." Ta ƙara da cewa, "Amma wa ya ce ki dirje da abu mai kaushi? Kina kankare bayan haƙorin."

Adda ta juyo da ido inda nake. Ni kuma na sami wani abin karantawa a jikin bango.

Da aka zo kan uwargida, matar ta daɗe. Ta kira ni in matso. Ta nuna mini farin nan na gindin haƙora da nake alfahari da shi, ta ce wannan ba kyau ba ne, wurin da tsami ya fara ci ne, in an bari shi ke zama rami. Ta nuna mini na nono guda biyu a gefe da suka riga suka yi baƙi, su ne masu hana ta shan ruwan randa. Sannan ta ɗauki jan biro.

Na ce, "Dakata. An musanya fayil."

"Baba?"

"Na san aikin nan. Takarda biyu a tebur ɗaya, ta wannan ta shiga ta wancan. Mai jan haƙori kin ba ta kore, mai farin haƙori kin ba ta ja. Ko makaho ya san an juya."

Ta nuna mini shekarun da ke saman kowace takarda. Ba a juya ba. Na nemi gilashina, na tuna na baro shi a aljihun ɗaya rigar.

"Abin da ya fi damuna ba waɗannan ba ne," ta ce, ta sake buɗe bakin yarinyar. Can ƙurya, bayan duk sauran, ta haska wasu manyan turame huɗu, biyu sama biyu ƙasa. "Waɗannan sababbi ne. Na manya ne. Da su zai tauna abinci har tsufa, babu wani a bayansu. Ɗaya ya fara laushi a tsakiya. Yau mun same shi da wuri. In tsarinka ya ƙara shekara ɗaya, sai dai a cire."

A nan na tsaya da ƙafata, don wannan na sani. Na ce yarinyar nan haƙora biyu kawai ta famfare, na gaba, ni da kaina na jefa su kan rufi. A ƙurya babu wanda ya faɗi. Haƙorin manya kuwa sai na nono ya ba shi wuri yake fitowa, kowa ya san haka. Tun da babu wanda ya faɗi, waɗannan na nono ne, za su zube wasu su fito.

Ta ce waɗannan ba sa jiran kowa ya tashi, fili suke samu a baya su fito, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsu na nono har su lalace. Na ce ban taɓa ji ba. Ta ce yanzu na ji.

Ta share turmin mai laushi ta cike shi, ta toshe ramukan saman sauran ukun da wani abu fari, ta shafa wa duk haƙoran wani magani mai danƙo da ɗan buroshi. Uwargida ta riƙe babban yatsana har aka gama, ba ta yi kuka ba, ni ne ma na riƙa kallon fanka. Aka ce Adda ta dawo bayan shekara, uwargida bayan wata uku. Wannan ma ya ɗaure mini kai: wadda ta ci jarrabawa an kore ta, wadda ta faɗi ana marmarin ganinta.

A bakin ƙofa na juyo. Na ce, "'Yata, to in na dawo daga masallaci me zan riƙo? Shekara biyar yarinyar nan tana tare ni a zaure. Hannu sake zan shigo?"

Ta ce, "Gyaɗa, Baba. Gyaɗa ba ya yin komai."

"Dabino fa?"

"Yana mannewa. A ci shi tare da abinci."

Har dabino. Na ce useko, godiyar Fulatanci, muka fito.

Don kada in bar zance a rataye: turamen nan huɗu suna nan har yau, ɗaya da cikonsa, kuma an daɗe da sauke ta daga ja zuwa rawaya. Amma a ranar ban san haka za ta kasance ba, ban ma gama yarda ba. Na dai shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin, na ba Adda ta miƙa wa uwarta, tare da saƙon cewa daga yau alawa sau ɗaya ce, bayan abincin rana, a kuma goge baki da mai kafin a kwanta. Na faɗe shi da murya irin ta mai kafa sabuwar doka. Daga bayan labule surukata ta ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma." Ko ɗigon dariya babu a muryarta, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Da na dawo daga La'asar, uwargida tana zaure, hannu a ƙugu. Na zuba mata gyaɗa a tafi. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Kaka, an kore ka daga aiki ne?" Amma ta ci.

Na wuce tsakar gida. Tsohuwata tana kan tabarma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Na zauna kusa da ita na fara gyara abin da ya saura na mutuncina. Na ce matar asibitin tana da ƙoƙari, ba laifi, sai dai yaran zamani in sun riƙe biro sai su ɗauka sun ga gobe. Na ce zancen yawu na karɓa, zancen rijiya ma na karɓa rabi. Amma zancen turame ban karɓa ba. Haƙorin da ya fito ba tare da wani ya faɗi ba, na nono ne. Ko da ya lalace, in sha Allahu wani zai fito a gurbinsa, ba a yanke ƙauna.

Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince, ta ce, "To ka bar nata a inda yake, ka jira naka su fara fitowa. Shekara nawa kana mulmula tuwo da dasashi, wanne ya leƙo?"